Wanda Ya Fara Fita

Katifa ɗaya, naɗe da igiya. Bokiti biyu, ɗaya cikin ɗaya. Akwatin tufafi. Kwalin littattafai da ya fi akwatin nauyi. Fanka mai ƙafa. Madubi a cikin bargo. Tukwane uku na uwarta, aro ba kyauta ba. Ƙaramin tulun kashe wuta, ja, sabo fil.

Abin da ke bayan akori-kurar ke nan. Sun riga sun ci rabin hanya, rediyo na ta kiɗa, yarinyar kuma ta juya ta kafa ido a gilashin baya kamar kayan za su tsere.

"Baba, rami! Madubina!"

"Na gan shi."

"Ka gan shi ka faɗa?"

"Gaisawa muka yi. Mun daɗe da sanin juna."

Ta yi dariya har da tafi. Tun asuba haka take, ko tari mutum ya yi sai ta ƙyalƙyale.

Tiyo ake ce masa. Shekara ashirin da biyu yana aikin kashe gobara, sunan ya biyo shi daga tasha har gida, har matarsa idan ya ɓata mata rai da shi take kiransa. Siriri ne mai tsayi, ana iya naɗe shi a ajiye a lungu yini guda ba a ji motsinsa ba sai wuta ta tashi. Wadda ke gefensa 'yarsa ce ta fari. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, don haka bai taɓa kama sunan ba, Uwata yake ce mata. Ta gama karatu, kamfanin ruwa ya ɗauke ta aiki a ɗakin gwaji, an kuma ba ta ɗaki a gidan ma'aikata mata can ƙarshen gari. Ranar Litinin za ta fara.

Shi ma Litinin ɗin tasa ce. Kwamandan tasharsu ya kira shi makon jiya ya ce takarda ta sauko: an ba shi shugabancin tawaga, za a miƙa masa farar hula a gaban kowa. Mutum takwas da mota ɗaya za su koma ƙarƙashinsa. Ya daɗe yana jira, bai taɓa faɗa ba.

"Ka ga ikon Allah," in ji ta. "Gida ɗaya, ruwa ɗaya. Kai kana zubarwa, ni ina aunawa."

"Ki auna da kyau. Wanda suke ba mu wani lokaci har kwaɗo ke fitowa ta tiyo."

"Ƙarya dai ba kyau, Baba."

"Tambayi kawunki Tanki na tasharmu. A hularsa ya sauka."

Ta zaro takarda daga jaka ta karanta abin da ya rage: labule, butar lantarki, tsintsiya, kwandon shara, ƙwan fitila biyu. Ta ce su tsaya a babban kantin da ke gaba, komai na nan wuri ɗaya, minti goma sun fito. Ya ce akwai ƙananan shaguna kusa da gidan ma'aikatan. Ta ce labulen can kamar na asibiti suke. Ya kunna sigina.

Akwai abin da duk tashar ta sani game da Tiyo: jikinsa kan riga hancinsa jin wuta. Shekara tara da suka wuce, a wani ɗakin ajiyar yadi, suna tsakiyar aiki ƙirjinsa ya ƙulle, tafin hannunsa ya jiƙe cikin safa, ya ba da umarnin fita ba tare da ya ga komai ba. Suna taka waje rufin ya zauna. Tun ranar ba mai yi masa gardama. Shi ma ba ya yi wa kansa.

Wata biyu da suka wuce abin ya zo masa a shagon takalma. Ya sa mai shagon ya kashe komai, ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya har ya sami wata da ɓera ya ɗan ci. Mai shagon ya yi ta godiya. Tiyo ya fito yana gaya wa kansa ai ga dalili, ko da yake ya san babu shagon da za a bincika a rasa waya irin wannan. Bayan mako uku abin ya sake zo masa, a layin kantin magani. A nan bai bincika komai ba. Ya ajiye abin da ke hannunsa ya fita, ya zauna a mota har rigarsa ta bushe. Bai gaya wa kowa ba.

Yau kuma, a babban kantin, ƙofar gilashi ta buɗe da kanta. Sanyi ya dake su. Kamar kullum, idonsa ya yi aikinsa kafin ya sa shi: babbar ƙofa ɗaya, koren allo na ƙofar gaggawa can ƙurya ta hagu, jan akwatin ƙararrawa a jikin ginshiƙi na uku. Mutane za su kai ɗari biyu. Ita kuwa ta riga ta ja keken zuba kaya ta yi gaba, tana tura shi da gudu tana ɗage ƙafafu kamar 'yar shekara shida.

"Uwata, ma'aikaciya ce ke yanzu."

"Sai Litinin!"

Labule ya ci minti ashirin. Ta ɗauki mai ruwan ganye, ta mayar, ta ɗauki mai zanen tsuntsaye, ta kira uwarta a waya ta nuna mata, uwar ta ce na farkon, ta ɗauki na biyun. Tsintsiya da kwandon shara ba su yi gardama ba. Suka isa layin kayan lantarki, inda fitilu suka fi haske, talabijin goma sha biyu a jere suna nuna fuskar mutum ɗaya, firji-firji na gurnani a bango.

Ta ɗago butoci biyu. "Fara ko baƙa?"

"Ba ni in ga wayar."

"Baba, launi na tambaye ka."

"Launi ba ya ƙona ɗaki."

Ya karɓi farar, ya murza wayar tsakanin yatsu. A nan ne yatsun suka daina jin abin da suke riƙe.

Tafin hannu ya jiƙe. Hasken ya yi fari fat, ya matso. Muryar 'yarsa ta koma nesa, kamar an kifa masa bokiti a ka tana magana daga waje. Zuciyarsa ta shiga dukan ƙirji kamar mai dukan ƙofa da ƙafa. Ya ja numfashi, iskar ta tsaya a maƙogwaro ta ƙi wucewa. Ya sake ja. Shiryayyun kaya suka karkato, fuskar nan goma sha biyu ta buɗe baki lokaci ɗaya, sai wani tabbaci ya sauko masa, cikakke, ba tambaya a ciki: mutuwa tana cikin kantin nan, kuma yanzu ne.

Wuta ce. Me zai zama in ba wuta ba? Jikinsa bai taɓa yi masa ƙarya ba.

Taku uku ya kai ginshiƙin. Da gwiwar hannu ya fasa gilashin, yadda ake koyarwa. Ƙararrawa ta tsage. Sannan ya yi abin da ake hana sabon ɗauka tun makon farko: ya buɗe maƙogwaro ya kwarma, "Wuta!"

Abin da ya sani bayan nan shi ne rana. Rana a fuskarsa, kwalta a ƙarƙashin takalminsa, hannunsa ɗaya a kan murfin injin akori-kura, ɗayan rungume da farar buta, wayarta na lilo. Iska ta fara shiga. Ya juya. Ƙofar kantin tana can, taku hamsin, sai yanzu mutanen farko suke fitowa. Kujerar gefen direba ba kowa.

A aikinsu, wanda ya ce a fita shi ne na ƙarshen fita. Ba a rubuta ba, don ba a taɓa buƙatar rubutawa ba. Shekara ashirin da biyu yana fitowa daga baya, yana ƙirga kawuna a gabansa.

Ya dire butar a kan mota ya kwasa a guje.

Bakin ƙofar ya riga ya cushe. Kekuna sun sarƙe, wata mata na jan yaranta biyu, wani mai ƙiba ya rungumi buhun shinkafa ya toshe rabin hanya, mai gadi kuma, bawan Allah, ya tsaya a tsakiya yana ɗaga hannu yana cewa a nuna masa rasit. Tiyo ya kama shi ta kafaɗa ya juya shi kamar ƙyauren ɗaki.

"Ɗan kwana-kwana ne ni. Riƙe ƙofar nan a buɗe, kar ka bari ta motsa. Kai, Alhaji, ajiye buhun!"

"Na biya!"

"Zai jira ka. Ajiye!"

Ya ajiye. Tiyo ya ratsa ta gefe, ya dafa teburin biyan kuɗi ya haye kansa. Abin mamaki, ƙafafun da suka sace shi ɗazu yanzu sun tsaya kamar an dasa su. Muryarsa ta dawo, ta aiki, wadda ke ratsa ƙarar injin.

"Kowa ya saurare ni! Ba gudu! Ku bar kekuna inda suke! Na dama, babbar ƙofa! Na hagu, ku biyo hannuna! Mai yaro ya ɗauki yaronsa! Hajiya mai jan mayafi, ba wanda zai taɓa miki kwando, tafi!"

Taron ya ji murya mai sanin abin da take faɗa, ya bi. Tiyo ya diro ya nufi koren allon. Ƙofar gaggawa na nan, amma an jibge katan-katan na sabulu a gabanta har tsayin mutum. Ya kira ma'aikatan kantin uku masu shuɗiyar riga, suka yi layi, katan na tashi daga hannu zuwa hannu. Ya daki ƙarfen ƙofar da ƙafa, ta wangale, rana ta shigo. Mutane suka kwarara ta nan kamar an fasa madatsa. Jininsa na tafasa, amma irin tafasar da ya sani, mai daɗi, wadda ke sa ido ya ga abu goma lokaci ɗaya. Ya bi layukan kaya ɗaya bayan ɗaya yana leƙawa yana kira. Na sabulu, ba kowa. Na kwanuka, ba kowa. Yana tafe yana shaƙar iska, yana duban silin. Ba hayaƙi. Ba ƙauri.

A layin ƙarshe ya gan ta. Tana tafiya a jikin bango, hannun hagu na shafa bangon, na dama riƙe da wani tsoho mai sanda. Ba ta gudu. Haka ya koya mata tun tana firamare, a tsakar gidansu, da ƙyalle ɗaure a ido.

Ta dube shi. Kallon bai daɗe ba.

"Baba, akwai mata biyu a ban-ɗaki."

Ya je ya buga musu ƙofa ya fito da su. Shi ne na ƙarshe da ya taka waje. Ya duba agogo don sabo: minti huɗu da 'yan daƙiƙu.

Jiniya ta karyo kwana, jar motar ta shigo filin da iska, kuma tun kafin ta tsaya ya gane lambarta. Tasharsu ce, tawagarsa ce, waɗanda ya bari yau ya ɗauki hutun yini ɗaya. Tanki ne ya fara dirowa, ƙasa ta amsa. Gajere ne mai faɗin ƙirji, uban 'ya'ya biyar, kuma abokin igiyar Tiyo shekara goma sha ɗaya. A tasharsu ba a shiga hayaƙi sai bibbiyu, igiya ɗaure daga ƙugun wannan zuwa na wancan, don a ciki ido ba ya aiki. Inda ɗaya ya nufa, nan ɗayan zai je, ko yana so ko ba ya so.

"Tiyo! Kai ne? Ko ranar hutu ba za ka bar mu mu sha shayi ba?"

"Kowa ya fita. Na duba."

"Ina take?"

"Ban gan ta ba. A layin kayan lantarki na ji ta."

"Ka ji." Tanki ya juya ga sauran. "Kun ji ko? Ya ji. Ku sa tulun iska, a kashe babban layin lantarki!"

Minti arba'in suna ciki. A waje filin ya koma kasuwa. Kowa na ba kowa labarin abin da kowa ya gani. Mai buhun shinkafa ya rantse ya ga harshen wuta a silin. Hajiya mai jan mayafi ta kama hannun Tiyo biyu tana sa masa albarka, shi da iyayensa da zuriyarsa. Samari na ɗaukar sa hoto. Manajan kantin ya taho a fusace yana tambayar wa ya fasa masa gilashi, wa zai ɗauki asarar yini, sai aka kai shi ya ga tulin sabulun da aka kwashe daga ƙofar gaggawa. Ya dawo yana tambaya ko ma'aikata za su sha lemo.

Tanki ya leƙo ya yafito shi. Suka shiga tare. Kantin ya yi duhu, kekuna a warwatse, nasu na nan da labulen tsuntsaye a ciki. An ja wani babban firji gaba. Tanki ya haska bango da tocila.

"Ga 'yar banzar."

Soket ne, gefensa ya yi ruwan ƙasa. Tiyo ya durƙusa ya taɓa da bayan yatsa. Ɗumi kawai, irin na kowane soket da firji ya kwana a kai. Tabon ƙunar kuma tsoho ne, har ƙura ta hau shi ta zauna.

"Wannan ya daɗe," in ji shi.

"To da fa? Jira take. Yau ko gobe." Tanki ya buga masa baya har ya yi tari. "Mutum ɗari biyu a minti huɗu, kai kaɗai, da rigar zuwa kasuwa! Wallahi da ni ne Kwamanda, yau zan ba ka hular, ba sai Litinin ba. Bari in rubuta. Soket ya yi zafi, jami'i ya lura, ya kwashe jama'a. Shi ke nan."

Tiyo ya buɗe baki. Tanki ya riga ya juya yana kiran a naɗe kaya.

Da suka fito aka yi tafi. Tafi sosai, har da fito. Ya ratsa mutane ya nufi akori-kura, ya tarar da 'yarsa tsaye, farar butar a hannunta. Ta nannaɗe wayar a jikinta a hankali, ta je ta miƙa wa mai gadi, ta dawo ta shiga mota ta ja ƙofa.

"Wannan butar ta riga kowa fita," ta ce, tana duban gaba.

Ya tayar da mota.

Ɗakin na hawa na farko ne, a ƙarshen baranda. Gado na ƙarfe, tebur, kujera ɗaya, taga mai kallon tankunan kamfanin. Murnarta ta dawo tun daga matakala. Ta buɗe taga ta rufe, ta buɗe famfon wanke hannu ta gaishe da ruwan da cewa Litinin za su haɗu a ofis, ta sa shi ya matsar da gadon sau uku ya koma inda yake tun farko. Maƙwabciyarta ta leƙo, suka yi gaisuwa da ihu kamar sun shekara da sanin juna. Ya hau da katifa a ka, ya hau da kwalin littattafai yana tambaya ko duwatsu ta karanta. Madubi ya iso lafiya. Ya ciro sukudireba daga aljihu ya kafa jan tulun a bango kusa da ƙofa, daidai kafaɗarta.

Yana ɗaure sukurun ƙarshe ta ce, "Sau huɗu na kira ka."

Bai juyo ba.

"Kana riƙe da butar. Leɓenka ya yi fari. Na ce Baba, Baba, har na taɓa ka. Kamar ba ka san ni ba. Sannan ka wuce ni."

"Na sani."

"Ba wuta, ko?"

"Babu."

"Sau nawa ke nan?"

"Uku."

"Mama ta sani?"

"Ke ma da ba ki gani ba, da ba ki sani ba."

Ta zauna a bakin katifar da ko zani ba a shimfiɗa mata ba. Ta ce a makaranta akwai wadda suka zauna ɗaki ɗaya, haka yake yi mata, ita a cikin motar haya ko a kasuwa. Sau biyu ana kai ta asibiti a guje ana cewa zuciya ce, a auna a ga lafiya lau. Daga baya wani likita ya ce ciwon firgici ne, jiki ne ke buga ƙararrawa ba gobara. Ta yi wata huɗu tana zuwa ganinsa, ya koya mata yadda za ta yi idan ya taso. Yanzu tana aiki a banki, a gaban layin mutane yini guda.

"Ana warkewa, Baba. Ba hauka ba ne, ba kuma tsoro ba ne irin wanda kake tunani."

"Ita ba ta shiga wuta da uban 'ya'ya biyar ɗaure a ƙugunta."

"Ai a wuta ba ya zo maka. Ka ga yadda ka yi ɗazu da ka dawo? Ni kaina sai da tsigar jikina ta tashi. A kanti kawai yake zuwa."

"A kanti ya zo zuwa yanzu."

Ta ciji leɓe. Ta tashi ta rufe taga, ta dawo kusa da shi ta rage murya, duk da ba kowa.

"To ka ji. Ba wanda ya gani sai ni, ni kuma ban ga komai ba. Kawu Tanki ya rubuta abin da ya rubuta. Ka bari Litinin ta wuce, a ba ka hularka. Shekara nawa kana jira? Bayan nan ni zan nemo maka likitan, can wani gefen gari, ba wanda zai sani. Sayayya kuma ni da Mama mun ɗauke maka har abada."

Ya ji daɗin maganar, bai ɓoye wa kansa ba. Ta shiga kunnensa ta kwanta kamar ruwan sanyi. Kwana biyar ne kawai. Amma a cikin kwana biyar ɗin akwai gobe, kuma gobe yana kan aiki. Ya tuna taku hamsin ɗin nan tsakanin ƙofar kanti da mota. Ya neme su a kansa, ko ɗaya bai samu ba. Ba ya cikin jikinsa lokacin da aka yi su. Da akwai igiya a ƙugunsa, da wanda ke ɗaya bakin ya biyo shi, ta kan matakala ne ko ta ramin da bene ya rufta.

"Uwata, idan kin auna ruwa ranar Laraba kin ga abu a ciki, sai ki bari sai bayan Litinin?"

"Wannan daban."

"To."

"Baba, wallahi ka cika taurin kai."

"A wurin uwata na gado."

Ta yi dariyar da ba ta shirya ba, ta goge ido da bakin mayafi, ta ce ya tafi ya ba ta wuri tana da jeren kaya. Har ya kai matakala ta leƙo ta baranda ta ce ya gaya wa Mama tukwanen sun iso, kuma ba za su dawo ba.

La'asar ta yi lokacin da ya shiga harabar tashar. An wanke jar motar tana ɗiga, an shanya tiyo a rana. Suna ganin akori-kurar suka tashi. Wani ya kifa bokiti ya hau kiɗa, wani ya kunna jiniya ya kashe. Tanki na tsaye a kan benci, labarin ya riga ya yi 'ya'ya a bakinsa: mutanen sun zama ɗari biyar, minti huɗun ya koma biyu.

"Ga shi nan! Mai jin wuta tun tana cikin uwarta! Shugaba, a ba mu shayi!"

Suka kewaye shi, wannan ya ja hannu, wancan ya daki kafaɗa. Ya yi musu murmushi, don ya ji daɗinsu har cikin ransa. Ya kama wuyan Tanki ya girgiza shi kaɗan.

"Ina rahoton?"

"Yana teburin Kwamanda. Tun ɗazu yake nemanka, bakinsa har kunne."

Ofishin na ƙarshen baranda, ƙofar a buɗe. Kwamanda na zaune da tabarau a karan hanci, takardar Tanki a gabansa, biro a hannu. Ya ɗago ya washe baki.

"Tiyo! Shigo, shigo. Manajan kantin nan ya kira ni sau biyu. Zauna mana."

Bai zauna ba. Kiɗan bokiti na biyo shi ta baranda. Ya mai da hannu baya ya rufe ƙofar.

"Ranka ya daɗe, kada ka sa hannu. Babu wuta a kantin nan, kuma ni na fara fita. Ka cire sunana daga motar gobe. Asibiti zan je."